Kujerar Indo

A Khumra, can kudancin Jidda, inda rumbunan ajiyar kaya suka fi gidajen mutane yawa, akwai wani direba da kowa ke kira Ɗan'azumi Babu. Ba sunan mahaifinsa ba ne Babu, bakinsa ne ya jawo masa. Ka tambaye shi labarin gari, ya ce babu. Ka tambaye shi ko yana da igiyar jan mota, ya ce babu, sannan in ka juya za ka tafi ya kira ka, ya buɗe bayan motarsa ya miƙo maka ita sabuwa fil. Ba rowa ba ce, don kyautarsa har ta so ta yi yawa. Abin da ya gagare shi kawai shi ne ya buɗe baki ya ce yana da wani abu. Amininsa Hashim, Bahaushen Sudan mai gyaran wutar mota, yakan ce ko gobara ce ta tashi a rigar Ɗan'azumi ka tambaye shi me ke hayaƙi, babu zai ce maka.

Mutane suna dariya, amma wanda ya san inda kalmar ta samo asali ba ya dariya sosai. Yana ɗan shekara bakwai iyayensa suka zo da shi aikin Hajji daga Gumel, aka gama aiki, jirgi ya koma ba su. Suka sami ɗaki a unguwar Hindawiyya ta Jidda cikin 'yan'uwa Hausawa, uban yana dako a kasuwa, uwar tana sayar da soyayyiyar gyaɗa a bakin lungu. Wata safiya ma'aikatan jawazat, masu kamen marasa takarda, suka shigo unguwar. Uwar ta ja shi suka tsuguna bayan gangunan ruwa a tsakar gida, ta toshe masa baki da gefen mayafinta. Uban ya fita ya tare su a ƙofa. Daga inda yake Ɗan'azumi ya ji an tambayi ubansa ko akwai wani a ciki, ya kuma ji amsar da ya bayar da guntun Larabcinsa: mafi ahad, wato babu kowa. Aka tafi da uban, aka mayar da shi gida, bai sake samun hanyar dawowa ba har ya rasu a Gumel. Bai bar wa ɗansa gona ba, bai bar masa gida ba, wannan kalmar ce kaɗai gadon.

Uwar ta ɗora a kai. Ta koya masa cewa duk wanda ka tarar zaune bayan tebur, ko sanye da kaki, ko riƙe da biro, ba abokin hirarka ba ne. Abin da bai gani ba kada ka nuna masa, abin da ya gani ma ka rage masa girma. Tambaya in ka amsa ta da e sai ta haifi 'ya'ya, amma babu juya ce, ba ta haihuwa. Ta haɗa masa da tsoron bakin mutane, ta ce abin alheri in aka cika ambatonsa lalacewa yake yi. Kuma ba za a ce ta yi ƙarya ba, don da wannan karatun suka rayu a garin da ba a san da zamansu ba har ta tsufa ta rasu a ɗakinta, ba a bayan motar kame ba.

Ɗan'azumi ya yi wankin mota a bakin titi da bokiti da tsumma, ya yi dako a tashar jiragen ruwa har ƙashin bayansa ya fara ƙara, ya koyi tuƙi a motocin da yake wankewa. Shekarun da aka buɗe ƙofar gyara takardu ya sami kafili, wato ɗan ƙasa mai tsaya masa, wani mai rumbun sabulu da man shafawa, aka yi masa iƙama, takardar izinin zama, aka ba shi motar rarraba kaya. Takarda ta shiga aljihu, amma tsoron bai ga dalilin fita ba. Har yau in ya hango shingen 'yan sanda, da iƙamarsa da lasisinsa da komai cif, sai tafin hannunsa ya jiƙe a kan sitiyari.

Sai ga irin matar da Allah Ya haɗa shi da ita. Indo haifaffiyar Hindawiyya ce, iyayenta 'yan Damagaram, kuma ita ce mai lallen unguwar, babu amaryar da za a kai ɗaki ba ta bi ta hannunta ba. Mace ce mai jiki, mai murya, mai dariyar da ake ji tun daga bakin lungu. Abin da ke cikinta shi ke bakinta. In ta sayi ɗan kunne da safe, kafin la'asar duk lungun ya gani. Ɗan'azumi ya yi ta ƙifta mata ido a gaban mutane, ita kuwa ta ce masa in ya gama ɓoye ta ya gaya mata inda ya ajiye ta, kada ta ɓata. Yana sonta so mai tsanani, kuma ko wannan bai taɓa faɗa ba. Haihuwa ta zo musu sau uku, ɗaya ce ta tsaya, Razan, wadda ta yi karatunta a nan Jidda, take aiki a teburin karɓar baƙi na wani asibitin haƙori. Larabci ya fi zama a bakinta fiye da Hausa.

Da aka zo rushe tsofaffin unguwanni, Hindawiyya na ciki. Maƙwabtan da aka yi shekaru ana aron gishiri da su suka watse, wasu Makka, wasu gida, wasu ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Ɗan'azumi ya sami ɗaki biyu a ƙasan wani gini a Khumra, kusa da wurin aikinsa, inda in ka leƙa taga ba ka ganin komai sai katangar rumbu. Babu amare a nan, babu mai neman lalle. Indo ba ta cika shekara a gidan ba hawan jini ya kayar da ita a kicin. Ta farfaɗo da ɓarin jikinta na dama a shanye, hannun lallen ke nan. Bakin ya ɗan karkace amma ya dawo, don bakin Indo ba mai mutuwa da wuri ba ne. Ƙafar ce ta ƙi.

Likita ya ce a riƙa kawo ta asibiti gashin ƙashi, a nan kuwa wahalar take. Keke yana kai ta har bakin mota, amma daga keke zuwa kujerar mota sai an ɗaga mutum, Ɗan'azumi kuwa ya riga ya bar bayansa a tashar jiragen ruwa, Razan kuma siririya ce. Da a Hindawiyya ne, da mata sun fito sun ɗauke ta ana raha. A Khumra sai ya leƙa rumbun da ke kusa ya roƙi leburori biyu. Ba mugaye ba ne, da saurinsu suka zo. Ɗaya ya kama hammata, ɗaya ya kama ƙafafu, suka ce yalla, suka ɗaga ta yadda suka saba ɗaga firiji. Abayarta ta zame har gwiwa a tsakiyar titi, direbobin tirela suna kallo. Haka aka je aka dawo. Da aka shigar da ita ɗaki ta rantse a gaban mijinta da 'yarta cewa ba baƙon namijin da zai sake ɗaukarta sai masu kai ta kabari. Ta kuwa cika rantsuwar. Ta bar gashi, ta bar fita, ta zauna a ɗakin nan fiye da shekara, jiki yana ƙara nauyi, dariya tana raguwa. Ɗan'azumi ya dawo daga aiki ya tarar da ita ta zuba wa katangar rumbu ido, sai ya ture kwanon abincinsa gefe.

Hashim ne ya gano motar a haraj, kasuwar tsofaffin motoci. Ya bugo waya ya ce Abu Razan, wato Ɗan'azumi, ya bar duk abin da yake yi ya zo. Motar iyali ce, fara, mai ƙofa mai zugewa, ta wani dattijo da ya rasu 'ya'yansa suka fitar da ita. A ido ba ta da bambanci da irinta da ke yawo a titunan Jidda. Sai Hashim ya zuge ƙofar dama ya danna wani maɓalli a gefen ƙofar. Kujerar tsakiya ta yi ɗan gurnani, ta juyo da fuskarta waje, ta fito daga motar gaba ɗaya, ta sauko a hankali har ta daidaita da tsayin keke, ta tsaya tana jira. Ba haɗin gareji ba ne, in ji Hashim, haka kamfani ya ƙera ta tun daga ƙasarsu, kuma duk daɗewarsa a sana'a sau ɗaya ya taɓa ganin irinta. Ɗan'azumi ya tsaya yana kallon kujerar, idonsa ya ciko. Dillalin ya tambaye shi ko ta yi masa, ya ce babu laifi. Ya sayar da 'yar tsohuwar motarsa, Razan ta kawo abin da take tarawa, Indo ta zare awarwaron da ta gada ta miƙa, aka saya.

Ba a juya takardar mota zuwa sunanka sai da inshora. Ɗan'azumi ya so ya yi 'yar ƙaramar da kowa ke yi, wadda take biyan wanda ka buge kawai. Razan ta ƙi. Ta ce wannan ba mota ba ce, ƙafafun Ummi ne, sai dai a yi shamil, mai ɗauke da komai, ta kuma raka shi ofishin da kanta. Suka tarar da wani ma'aikaci mai suna Majid, mai fara'a, ya ba su ruwa, ya shigar da lambar motar a kwamfuta, ya bi tambayoyinsa ɗaya bayan ɗaya. Can ya ɗago kai, ya kira shi da Ammi, wato baffa.

"Ya Ammi, akwai wani ƙari a motar? Wani abu na musamman, ko daga kamfani ya zo, ko daga baya aka sa?"

Razan ta buɗe baki. Ɗan'azumi ya ɗora takalminsa a kan yatsunta ta ƙarƙashin tebur, ya danna.

"Mafi shai," ya ce. "Babu komai. Mota ce kawai."

Majid ya rubuta abin da aka gaya masa, ya ce Allah Ya sa a mora.

A hanyar dawowa aka yi ta, Razan tana zuba Larabci, yana mayar mata da Hausa. Hujjojinsa kuwa in ka ji su daga bakinsa sai ka rantse mai hankali ne ke magana. Kujerar daga kamfani ta zo, jikin motar ce. Wa ya taɓa zuwa asibiti ya sanar da likita cewa yana da kunne? Wanda ya yi wa mota inshora ai ya yi wa duk abin da aka haife ta da shi. Sannan in ka ce akwai kujerar marar lafiya, za su ce ta wace ce, a kawo takardar likita, a kawo iƙamar marar lafiyar, a shiga tone-tone, daga nan kuma sai Allah. Razan ta ce takardun uwarta lafiya lau suke, ita ta sabunta su da hannunta, kuma mutumin nan inshora yake sayarwa, ba jawazat ba ne. Ta ce ko tambayarsa a yi, a ji in faɗin yana da amfani. Ya ce tambaya ita ke jawo tambaya, ya rufe da cewa abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ta bar maganar, don an zo inda 'ya ba ta wucewa da ubanta. Gaskiyar magana kuwa babu abin da ya hango, yana nan tsugune bayan gangunan ruwa har yanzu.

Ranar da aka fara gwada kujerar sai da ya jira titi ya yi shiru, kada ido ya yi yawa. Ya tura keken Indo har gefen motar, ya danna maɓalli, kujera ta sauko ta tsaya daidai da keken. Indo ta dafa da hannun hagu, ta ja jikinta, Razan ta tallafa mata ƙafa, sai ga ta a kai ba wanda ya ɗaga ta. Kujera ta tashi da ita, ta juya, ta shige ciki. Indo ta ce a sake. Aka fito da ita, aka sake mayarwa, tana dariyar nan da aka manta da ita, har mai gadin rumbu ya leƙo ya ga ko biki ake yi.

Daga nan duniya ta dawo. Aka koma gashi, ƙafa ta fara jin magana, har Indo takan miƙe tsaye in ta dafa bango. Duk Juma'a bayan la'asar sai bakin teku ta can kudu, da fulas ɗin shayi da balila, dafaffen waken Larabawa, mai zafi daga mai kura. Ba ta ma sauka. Ɗan'azumi ya fake motar, a juyo da kujerar waje, ta zauna a kai tana fuskantar ruwa, iska tana kaɗa mayafinta. Mata su taru suna tambaya, ita kuwa ta ba su labari tun daga haraj har gida, ta ce a danna maɓalli su gani da idonsu. Shi yana gefe yana karanta duk addu'ar tsari da ya sani. Ya je ya sa aka ɗinka wa kujerar riga mai kauri wadda ta sauka har ƙasa ta rufe ƙarafanta, ya sayi wata rigar ya lulluɓe motar baki ɗaya. Ya yi wa Indo alkawarin in azumi ya zo zai kai ta Makka ta yi umra. Da lokacin sabunta inshora ya zagayo Razan ta sake tayar da maganar, ya ce abin da ya kwanta lafiya a bar shi ya yi barcinsa.

Shi da yake tuƙi kamar yana ɗauke da ƙwai, ba a kan hanya abin ya same shi ba. Wata rana yana wurin aiki, motar tana fake a ƙofar gida cikin rigarta, wata tirela ta zo fita daga rumbu da baya, ta murƙushe gefen dama tun daga ƙofar gaba har tayar baya, ta ja gaba ta tafi abinta. Indo tana ɗaki ta ji ƙarar, ta san kuma me aka buge. Da ya iso, ƙofar mai zugewa ta lotse ciki, kujerar ta karkace. Leburori da dama suna wurin lokacin da abin ya faru. Ya bi su ɗaya ɗaya yana tambaya ko wani ya ga lamba, ko da launin motar ne. Kowa ya girgiza kai ya ce mafi. Bai ji haushinsu ba, ya san amsar, ya san kuma abin da babu a aljihunsu. Razan ta ce alhamdulillahi da aka yi shamil, tunda ba a sami mai laifi ba inshorarsu ce za ta gyara.

Aka ɗauki motar zuwa garejin da kamfanin inshorar ke aiki da shi a Madinar Masana'antu, unguwar garejoji ta Jidda. Razan tana wurin aiki, shi kaɗai ya je. Injiniyan da ya karɓi motar ya zagaya yana ɗaukar hoto, ya leƙa ta tagar da ta fashe, ya ga kujera a karkace cikin rigar da aka ɗinka mata, ya tambaya ko akwai abin da ya kamata ya sani. Nan Allah Ya sake buɗe wa Ɗan'azumi ƙofa, kuma ya gan ta a buɗe. Ya so ya faɗa. Sai wata zuciyar ta ce masa, ka ce babu a ofis, yanzu ka ce akwai, an kama ka da ƙarya ke nan, su soke komai, wataƙila ma su kira hukuma. Ai suna da ido, in sun kwance za su gani, su mayar da irin abin da suka tarar. Ya ce babu komai, Allah Ya ba da sa'a, ya fito ya nemi tasi.

Indo ta koma zaman ɗaki, amma wannan karon da rai a jikinta. Kullum sai ta dafa bango ta miƙe, don kada ƙafar ta manta abin da ta koya kafin mota ta dawo. Kullum kuma sai ta tambaya.

Ranar da aka kira shi ya zo ya ɗauka, ya tarar da motar a tsakar gareji tana ƙyalli, ba ka ce ta taɓa haɗuwa da tirela ba. Aiki ne mai kyau, wannan kam ba a ƙwace musu ba. Ya zuge ƙofar, ta tafi sumul. Ya kai yatsa inda maɓallin yake, ya ji roba a shafe. Ya sake shafawa. Kujerar sabuwa ce, da ledarta, mai laushi, a kafe a ƙasan motar kamar kowace kujera. Ya tambayi ina tsohuwar. Suka ce masu kwancewa sun ga ƙarafa da wayoyi a ƙarƙashinta, sun yi mamaki, amma kujera aka ce su sauya, kujera kuwa aka kawo musu. Tarkacen tuni mai sayen ƙarfe ya kwashe.

Bai kai motar gida ba. Ya kai ta shagon Hashim ya ajiye, ya kira Razan, washegari suka koma wurin Majid. Majid ya gane su. Ya saurara har ƙarshe bai katse shi ba, kuma da gani abin ya taɓa shi.

"Ya Ammi, na tambaye ka," ya ce. "Har na ce ko daga kamfani ya zo."

Ya yi musu bayani a hankali. A wurinsu motar irin ta kowa ce, a kan haka aka ƙimanta ta, a kan haka aka yi alkawari. Abu mai tsada ko mai wuyar samu, ko da shi aka ƙera motar, sai an faɗa an rubuta sannan ya shiga ciki. Da ya faɗa, ɗan abin da za a ƙara masa bai taka kara ya karya ba, kuma babu wanda zai nemi takardar kowa. Da ma a gareji ya faɗa, da aƙalla an ajiye masa tsohuwar. Wannan ta ƙarshen ita ta fi dukan Ɗan'azumi, don Hashim ya riga ya ce in dai ƙarfen yana nan shi zai tashe ta, ko da zai kwana a kanta. Da suka fito Razan ba ta ce masa ka gani ba, da ta faɗa ma da ya fi masa sauƙi. Ta tsaya a bakin titi tana gyara mayafinta.

"Baba, ni ba zan gaya wa Ummi ba," ta ce da Hausarta mai nauyi. "Kai za ka gaya mata."

Bai gaya mata ba. Razan ta kai koke, aka duba, amsa ta dawo cikin ladabi cewa an tambaya kuma an ba da amsa. Shi da Hashim suka shiga tashlih, maƙabartar motoci da ke bayan gari, suka yi ta yawo cikin rana suna leƙa gawar kowace farar mota, ba su ga ko maɓallin ba. Wakilan kamfanin motar suka ce an daina ƙera irinta, in kuwa daga waje za a nemo, abin ya fi ƙarfin mai rarraba sabulu. Hashim ya gaji ya kai maganar ga limamin ɗan masallacin da Hausawan Khumra ke salla. Bayan an sallame dattijon ya riƙe hannun Ɗan'azumi, ya ce an ce akwai matsala game da motar mai ɗakinsa, in akwai inda jama'a za su sa hannu ya faɗa, don haka aka saba. Mutane sun tsaya, wasu har sun fara matsowa. Ɗan'azumi ya dubi fuskokin nan, ya ce babu komai, alhamdulillahi, an gyara. Hashim ya ɗauki takalminsa ya fita ko addu'a bai tsaya ba. Hali zanen dutse, aka ce, amma wani dutsen a kan mutum yake faɗowa. A gida kuwa kullum amsar ɗaya ce, ba a gama ba. Duk zamansu ɓoye wa Indo abubuwa yake yi, bai taɓa yi mata ƙarya ba sai yanzu, kuma ƙaryar tana cinsa.

Mai gadin rumbu ne ya fasa ƙwan ba da niyya ba. Ya gaishe da Indo ta taga, ya yi mata barka, ya ce ya ga motar a shagon Hashim ta dawo kamar sabuwa. Da Ɗan'azumi ya dawo daga masallacin Juma'a ya tarar da ita ta yi wanka, ta sa abayar fita, ta zizara kwalli, ta dafa shayi da hannu ɗaya ta cika fulas, abin da ba ta yi ba tun faɗuwarta. Ta ce ta gane, so yake ya ba ta mamaki, to ta riga shi, ya je ya kawo. Ya juya ya tafi ya kawo.

Bayan la'asar ya turo keken har gefen motar, fulas yana kan cinyarta. Ya zuge ƙofar. Indo ta gyara zama tana jiran gurnanin da ta sani. Shiru. Ta dubi gefen ƙofar inda maɓallin yake a da, ta dubi kujerar da ledarta, ta dubi mijinta.

"Bari in ɗaga ki, Indo," ya ce. "Ni ne, ba baƙo ba."

Bai jira amsa ba. Ya sunkuya ya zura hannuwansa, ya yi bismilla, ya yunƙura. Ya ɗaga ta kamar taƙi ɗaya daga keken, sai bayan ya riƙe. Ya sake ta ta koma da ƙarfi, shi kuma ya zube a kan gwiwa ɗaya, fulas ya gangara ƙarƙashin mota. Mai gadi da wasu leburori suka taso da gudu. Indo ta ɗaga musu hannun hagu, suka tsaya inda suke.

"Malam, da suka tambaye ka, me ka ce musu?"

Yana durƙushe, kansa daidai gwiwarta. "Na ce babu."

"A ofis?"

"A ofis. Da gareji. Da masallaci."

Ta daɗe tana kallonsa. Ya so ta yi faɗa, ta tara masa mutane, ta yi irin muryar Hindawiyya, ko ya ji sanyi. Ba ta yi ba.

"To ai ba su cuce ka ba," ta ce. "Tun da na san ka kake cewa ba ka da komai, ba wanda ya taɓa yarda. Yau Allah Ya kawo waɗanda suka yarda da kai. Mayar da ni ciki."

Ya dafa keken ya miƙe da ƙyar, ya tura ta a sunkuye har ɗaki, ya ajiye ta inda ta saba zama.

Azumi ya zo ya wuce. Motar tana nan a ƙofar gida cikin rigarta, duk Juma'a yana wanke ta, ba ya zuwa ko'ina da ita. Indo ta bar dafa bango, ƙafar ta manta abin da ta koya. Har yanzu Ɗan'azumi Babu ake kiransa a Khumra, sai dai Hashim ya daina ba da labarin gobara a riga. In ya dawo daga aiki yakan tsaya a bakin ƙofa da ledar burodi a hannu, ya tambaye ta yaya jiki, ko akwai abin da take so. Ba ta juyowa daga tagar. Takan ce babu.